Takardar haraji da takardar lamuni a wani ofis na Bronx

Ofishina ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan miya a unguwar Bronx ta birnin New York. Tebur uku, kwamfuta uku, injin ɗaukar hoton takardu, sai fulas ɗin shayi da ba ya yankewa daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji. Mu uku ne: ni, da ƙanwar maiɗakina, da wani yaro ɗan zangon Kumasi da yake karatun akanta, yakan zo da yamma. Sana'armu cike wa mutane takardun harajin shekara. Masu hawowa benenmu yawanci direbobin tasi ne da na Uber, da masu kai abinci a keke, da mata masu kitso a Harlem, da masu jinyar tsofaffi a gidaje, da masu gadi. Akwai 'yan unguwar Nima ta Accra da Kumasi, akwai 'yan Damagaram da Maraɗi, akwai na Kano da Jos.

Sanda na buɗe wurin nan lissafi kaɗai na sa a gaba. Daga baya na lura kusan duk magidancin da ya zauna a gabana, bayan mun gama lissafi sai ya gyara zama ya sassauta murya, ya ce, "Alhaji, ina so in kawo iyali." Daga nan kuma maganar ta koma kan takarda ɗaya, fom I-864.

Dattawanmu da suka zo tun da daɗewa har yau "sabuwar doka" suke ce mata, ko da yake ta haura shekara 25. A da, wanda zai kawo ɗan'uwansa fom I-134 yake cikewa, ya ce zai ɗauki nauyinsa, kuma kotuna sun ɗauki wannan a matsayin alkawarin baki da ba a kama mutum da shi. A ranar 30 ga Satumba 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar shige da fice da ta sauya lamarin, kuma daga 19 ga Disamba 1997 fom I-864 ya zama dole ga kusan duk wanda dangi za su kawo da bizar zama. Shi wannan yarjejeniya ce tsakaninka da gwamnatin Amurka. Lamuni ne, irin wanda muka sani a kasuwa: ka tsaya wa mutum, in abu ya taso kai za a nema.

Sharaɗin farko kuɗin shiga. Kowace shekara gwamnati tana fitar da ma'aunin talauci, kuma mai lamuni dole samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin, gwargwadon yawan mutanen gidansa. A jadawalin 2025, gida mai mutum biyu dala 26,437 ne, mai mutum uku 33,312, mai mutum huɗu 40,187. A 2024 mai mutum huɗu 39,000 ne. Soja da yake bakin aiki kaɗai ake sassauta wa zuwa kashi ɗari, in matarsa ko ɗansa zai kawo. Duk shekara nakan buga sabon jadawalin in liƙa a bango daidai inda mai zama a kujerar baƙi zai gani.

Wurin ƙidayar mutanen gida ake yawan tuntuɓe. Kai ɗaya ne. Matarka. 'Ya'yanka marasa aure da ba su kai 21 ba, ko da suna Accra ko Zariya. Duk wanda ka rubuta a takardar harajinka cewa kai kake ciyar da shi. Duk wanda ka taɓa yi wa lamuni a baya kuma nauyin bai sauka ba. Sannan waɗanda kake son kawowa yanzu. Na ga mutumin da ya yi shekaru yana rubuta 'ya'yan yayansa biyu a harajinsa don a dawo masa da kuɗi masu kauri, ranar da ya tashi kawo matarsa aka lissafa su a kansa, gidan mutum biyu ya zama na huɗu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani matashi ne direba, mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, matarsa da 'ya'ya biyu suna Accra. Ya shigo wata Asabar da takarda a hannu daga cibiyar biza ta ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, inda fayil yake zama kafin a tura shi ofishin jakadanci. An amince da buƙatarsa bayan dogon jira, yanzu ana neman takardar lamuni da shaidar haraji. Fuskarsa cike da murna. Na ce ya ba ni harajin bara. Ba a wurina aka cike ba. Na buɗe shafin farko, na ɗora yatsa a layin jimillar kuɗin shiga, na ga bai kai dala 19,000 ba.

Ya ce, "Alhaji, wallahi ina samun fiye da haka. Kwana shida nake tuƙi a mako."

Na ce, "Na yarda, ƙanena. Amma jami'in da zai duba bai taɓa ganin motarka ba. Layin nan zai gani."

Abin da ya faru shi ne, direba mai zaman kansa ba ya karɓar takardar albashi ta W-2 irin ta ma'aikaci. Takardar 1099 yake samu, sai ya cire kuɗin da ya kashe wajen aiki, abin da ya rage shi ne samunsa a idon hukuma. Cirewar halal ce in gaskiya ce. A 2024 hukumar haraji ta IRS ta yarda a cire senti 67 a kowane mil da aka yi na aiki, a 2025 senti 70. Amma wanda ya cike masa ya yi ta zuba abin da ba a kashe ba, har lissafin ya faɗo daidai inda gwamnati take ba masu ƙaramin ƙarfi tallafi ta hanyar haraji. Yaron ya karɓi kuɗi a watan Maris ya ji daɗi, ya tura gida, ya yi ta shi wa mai cikewar albarka. Bai san a ranar ya ƙara wa iyalinsa shekarun jira ba.

Ya tambaye ni ko kuɗin da ya tara a banki za su cike giɓin. Doka ta yarda da kadara, amma ninki biyar na giɓin take nema ga mai girin kad, ninki uku in ɗan ƙasa ne yake kawo matarsa. Giɓinsa ya haura dala 21,000. Na buga a kalkuleta na juya masa ya gani: sama da 105,000. Ya daɗe yana kallon lambar bai ce komai ba. Ƙanwar maiɗakina ta zuba masa shayi, har ya huce bai taɓa ba.

Wannan ne ya sa nake rasa kwastoma kowace shekara, kuma na yarda da rashin. Mutum zai zo ya ce a wuri kaza an samo wa abokinsa dala dubu bakwai, ni me ya sa nawa bai kai ba. Nakan tambaye shi tambaya ɗaya kafin in taɓa kwamfuta: akwai wanda kake da niyyar kawowa? In ya ce e, sai in nuna masa jadawalin bango. Ba na rage samu don a dawo da kuɗi, kuma ba na kumbura shi don a burge ofishin jakadanci, domin wasu har wannan suke roƙa. Lambar rajistata tana jikin kowace takarda da ta fita daga ofishin nan, kuma shi ma mai takardar rantsuwa yake yi in ya sa hannu.

In samu ya gaza, hanyar da ta rage ita ce a nemi mai lamuni na biyu. Ba sai dangi ba: ɗan ƙasa ko mai girin kad, ɗan shekara 18 zuwa sama, mazaunin Amurka, wanda samunsa shi kaɗai ya isa gidansa da waɗanda za a kawo. A nan al'adarmu da dokarsu suke karo. Bayan sallar Juma'a za ka ga an ja wani dattijo mai aikin albashi gefe, direban bas ko ma'aikacin asibiti, ana ce masa, "Baba, sa hannu ne kawai." Shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a, domin wataƙila shi ma wani ne ya ba shi katifa da abinci shekarar da ya sauka.

Duk dattijon da ya zo in fitar masa da shaidar harajinsa don wannan, sai na zaunar da shi na karanta masa abin da fom ɗin ya ce da Hausa. Nauyin ba ya sauka sai wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara zango 40 na aiki, kowane zango wata uku, wato kimanin shekara goma, ko ya bar Amurka baki ɗaya, ko ajali ya zo. Saki ba ya sauke shi. In auren ya mutu bayan shekara biyu, matar tana da ikon kai mijin ko mai lamuni na biyu kotu ta nemi a riƙe ta a kan kashi 125 ɗin nan. In ta karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati, irin na abinci ko kuɗin SSI na tsofaffi da naƙasassu marasa hali, hukumar da ta biya tana iya neman mai lamuni ya mayar. Ko gida ka sauya, kwana 30 gare ka ka sanar ta fom I-865. Da yawa bayan sun ji sukan sa hannu duk da haka, kuma ina ganin girmansu, don sun sa ne da sani. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ce mini ya tsaya wa gida biyu, na uku kuwa zai ba su haƙuri har sai na farkon sun zama 'yan ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Masu sayar da sa hannunsu a kan kuɗi kuma, ba na yi musu aiki.

Aikina yana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take a ƙofa. Ni ba lauya ba ne. A ƙasar nan lauya ne ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi yake da ikon ba da shawara a kan shige da fice. Nawa shi ne lissafi, da fitar da shaidar haraji daga IRS, da fassara. Abin da ya wuce haka nakan tura mutum wurin lauya ko ƙungiyoyin agaji masu rajista. Har ma ga shi iskar siyasa tana kaɗa lamarin: dokar hana shigar wanda ake tsoron zai zama nauyi a kan gwamnati tun 1882 take, an tsaurara ta a Fabrairun 2020 har da ƙarin fom I-944, aka janye a Maris 2021, aka kafa wata ƙa'idar a Disamba 2022. A duk wannan kai da kawowa fom I-864 bai gusa ba.

Direban nan ya dawo bayan mako biyu da jakar leda cike da rasitai da bayanan banki. Mun kwana uku muna tsefe su da yaron Kumasi, muka gyara harajin shekara biyu ta fom 1040-X. Ya mayar da abin da ya karɓa ba bisa ƙa'ida ba, har da kuɗin ruwa, a kan biya wata-wata. Ko da gaskiyar ta fito, samunsa bai kai na mutum huɗu ba, ya rage 'yan dubbai. Lauyan da na tura shi wurinsa ya ce a nemi mai lamuni na biyu, kuma kawun matarsa da ke Newark, ma'aikacin sito, ya zo ya zauna a kujerar nan na karanta masa sharuɗɗan, ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara da maiɗakinsa. Ranar Laraba ya dawo da W-2 ɗinsa na shekara uku a cikin ambulan. An biya dala 120 na duba takardar lamuni da 325 na kowane mai neman biza, aka tura komai Portsmouth. Yanzu suna jiran ranar ganawa a Accra, kuma direban ya karɓi aikin dare a wani kamfanin jigila mai biyan albashi, don harajin baɗi ya tsaya da ƙafarsa.