Narkewa a ruwa ɗaya ba jituwa ba ce: PVA da PVP a gaban zafi

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare a wajen masu fara nazarin polima (sinadaran da ƙananan ƙwayoyinsu ke haɗe cikin dogayen sarƙoƙi), wato duk sinadarai biyu da suka narke a ruwa, to lalle za su gauraya da juna. Tun a 1896 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya lura cewa idan aka haɗa ruwan jelatin da na sitaci sai su rabu gida biyu, alhali kuwa ruwa ne ya fi yawa a cikin kowannensu. Al'amarin ya yi kama da na kishiyoyi, kowacce tana shiri da maigida, amma hakan bai sa su shiri da juna ba.

Dalilin yana cikin tsawon sarƙar polima. Paul Flory da Maurice Huggins sun nuna, a farkon shekarun 1940, cewa gwargwadon tsawon sarƙoƙin, gwargwadon ƙarancin hanyoyin da za su iya cakuɗuwa, don haka ba sa zama abu ɗaya sai idan akwai wani ƙarfi na musamman da ke jan ɗaya zuwa ga ɗaya.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na wasu polima biyu masu narkewa a ruwa, PVA (polyvinyl alcohol) da PVP (polyvinylpyrrolidone). Na farkon, wanda aka fara haɗawa a Jamus a 1924, da shi ake yin siririyar ledar nan da ke narkewa a cikin injin wanki. Na biyun ya fito ne daga aikin Walter Reppe a ƙarshen shekarun 1930, kuma da shi ake ɗaure garin magani ya zama ƙwaya. PVA yana da haidurojin da ke manne da oksijin a gefen sarƙarsa, PVP kuma yana da oksijin da ke karɓar irin wannan haidurojin, saboda haka suna riƙe juna ko bayan ruwan ya ƙafe.

To, ta yaya ake tabbatarwa? Ido ba shaida ba ne, domin ledar da ake samu idan an shanya haɗin tana iya fitowa garau alhali a rabe take a ciki. Zafi ne alƙali. Kowace polima tana da wani mataki da take sauyawa daga tauri irin na gilashi zuwa laushi irin na roba: kusan digiri 85 na Salshiyas ga busasshen PVA, kusan 175 ga PVP mai doguwar sarƙa. Ana yanko ɗan guntun ledar da bai wuce miligiram goma ba, a rufe shi a mitsitsin faranti na alminiyam, a ɗora a na'urar DSC, wadda take ɗumama shi sannu a hankali tana rubuta yawan zafin da yake sha. Idan layin da na'urar ta zana ya nuna mataki biyu, kowane sinadari yana zaman kansa. Idan ya nuna guda ɗaya a tsakanin 85 da 175, yana kuma hawa yayin da aka ƙara PVP, to an gauraya. Shaida ta biyu ita ce narkewar PVA saboda zafi, wadda take aukuwa a wajen digiri 230 idan shi kaɗai ne, amma take sauka kuma take raguwa a cikin haɗin, saboda PVP yana hana sarƙoƙinsa jeruwa.

Inda nake ganin an fi yin sakaci shi ne ragowar ruwa. PVA da PVP duka suna zuƙar danshin iska, ruwa kuwa yana sassauta sarƙoƙi har matakin laushin ya sauko da digirori masu yawa, sannan ƙafewarsa a kusa da digiri 100 tana binne alamar PVA ɗungurungum. Ledar da aka shanya da damina ba za ta ba da sakamako ɗaya da wadda aka shanya da hunturu ba. Shi ya sa ban yarda da ɗumamawar farko ba. Sai an kori ruwan, an sanyaya, an sake ɗumamawa, ba tare da an wuce gona da iri har PVA ya fara lalacewa ba. Ko bayan haka, mataki ɗaya yana nuna gauraya ne a ma'aunin 'yan gomomin nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) kawai, kuma wanda yake son ganin abin da ke ƙasa da wannan sai ya nemi na'urar NMR, wadda take binciken ƙwayoyin sinadari da maganaɗisu.