Ranar da na bari aka fasa mini indomin salansa

Motata ta farko Corolla ce tsohuwar Turai, wadda aka hawo da ita daga Kwatano ta Gaya. Shekara biyu ba ta ba ni ciwon kai ba, sai wata bazara ta fara nauyi. In na hau hanyar Ɗan Issa na taka totur har ƙasa, sai gurnani kawai, tafiya babu. Na kai ta wani gareji. Makaniken ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa salansa da sifana, ya fito yana goge hannu a wando.

"Alhaji, indomi ne ya toshe. A fasa a zubar, ka ga yadda za ta tashi. Dokar Turawa ce ta sa shi, mu nan ina ruwanmu?"

Ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma Alhajin nan ya shige ni. Na ce a fasa.

Indomi shi ne abin tace hayaƙi da ke cikin wani tulu a jikin salansa. Ya yanke tulun, ya sa guntun rodi ya farfashe abin da ke ciki. Kamar saƙar zuma yake, ruwan toka, da 'yan ramuka da ko tsinken tsintsiya da ƙyar ya shiga. Na ga yaron shago yana tsince gutsattsarin yana zubawa a buhu, har garin da ya zube yana tarawa da tafin hannu. A raina na ce wannan yaro akwai tsabta. Sai bayan watanni na ji cewa saƙar nan shafe take da falatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu ɗan karen tsada, kuma akwai masu saye a kan sikeli. Na biya kuɗin aiki, na kuma bar musu abin da ya fi kuɗin aikin, har da godiya.

Ƙannena, ku san aikin abin kafin ku yarda a taɓa shi. Hayaƙin inji yana bi ta ramukan nan da zafinsa, ƙarafan su ƙone ragowar man da bai ci wuta ba, su kuma sauya iskar nan mai guba, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki, ta koma mai sauƙin illa. Makanikena bai yi ƙarya ba da ya ce doka ce. Amurka ta ƙarfafa dokar tsabtar iska a 1970, motocin 1975 suka fara fitowa da shi. Turai ta biyo da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1 a 1992. A Amurka dokar har kayan gyara take bi: cire shi laifi ne, sayar da abin da zai kashe aikinsa ma laifi ne. A Kalifoniya, kayan ƙarin ƙarfi da ya shafi hayaƙi sai hukuma ta gwada ta ba shi lamba kafin a ɗaura shi a motar da ke hawa titi. Babura ma ba su tsira ba: a 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince da tarar dalar Amurka miliyan 12 kan wata na'urar sauya saitin inji da ya sayar kusan 340,000. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ma a 2020 ta tsayar da Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su.

A Maradi ban taɓa ganin jandarma ya kara na'ura a bakin salansa ba. Sai dai hayaƙina ba Turai yake zuwa ba. Mai ƙosan bakin titi ke shaƙa, da ɗan kabu-kabun da ke bayana, da 'ya'yana in na tayar da mota a zaure da safe. Uwargida ce ta fara cewa motar nan wari take.

Abin haushin, ciwon ma ba a nan yake ba. Buji biyu ne suka mutu tare da kwayil, ɗanyen mai yana gangarawa salansa yana ƙonewa a can har ya narkar da saƙar. Indomi ba ya toshewa haka kawai. In an ce muku ya toshe, ku tambayi abin da ya toshe shi, buji ne ko inji ke shan baƙin mai. In ta kama dole a cire, ku tsaya a kai ku karɓi kayanku, ku nemi wani a mayar. Wanda za ku saya kuma ku haska tocila a cikinsa, don akwai tulun da fanko ne. Masu babur da ke sa salansa mai ƙara don a juyo a dube su, ku sani in ba a daidaita karbireta ba inji zafi yake ɗauka, kuma maƙwabta ba albarka suke sa muku ba.

Tawa motar ta ɗan yi sauƙin jiki kwana kaɗan. Daga nan fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, wajen walda kuma an ƙone wayar sansar da ke auna iskar hayaƙi, mota ta koma shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Da na gaji na sa ta kasuwa, wani mutumin Katsina ya zo da makanikensa. Shi ma ya shiga ƙarƙashi da sifana. Bugu ɗaya, tulun ya amsa kamar gwangwanin madarar da aka shanye.

"Maigida, an cire indomi," in ji shi.

Nan take mai saye ya zabge jika 150 daga kuɗin da muka fara magana, na ce Allah ya sa albarka.