Abin da na koya game da intaferon a ɗakin magani

A watan Afrilu ne, Kaduna ta ɗauki zafi, wani dattijo daga Tudun Wada ya zo tagar ɗakin maganinmu riƙe da hannun ɗansa. Saurayin yana lulluɓe da bargo, haƙoransa na kaɗawa. Jiya-jiya aka yi masa allurar intaferon ta farko saboda ciwon hanta nau'in B, cutar da in ta daɗe a jiki kan rikiɗe ta zama sankarar hanta.

"'Yata, an ce mana maganin ƙara garkuwar jiki ne," in ji shi. "To me ya sa ya kwantar da shi?"

Na ce, "Baba, ai garkuwar ce ta tashi. Zazzaɓin nan da ciwon gaɓoɓi aikinta ne." Na nuna masa yadda zai ba shi farasitamol, na kuma roƙe shi kada su yanke allurar sai da sanin likita, domin sau ɗaya ake yi a mako har mako 48. Na gaya masa su sa ido kan yanayinsa, don maganin kan jawo baƙin ciki mai tsanani.

Tambayar tasa ta mayar da ni ga littattafaina. Jikinmu ne ke yin intaferon da kansa. Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957, sa'ad da suka lura ƙwayar halittar da bairos ya kama tana fitar da wani furotin da ke gargaɗin maƙwabtanta. A 1986 Amurka ta amince da nau'in alfa don wata sankarar jini, daga baya aka yi amfani da shi kan sankarar Kaposi da sankarar fata ta melanoma. Ya riƙe masu sankarar jini ta CML shekaru, kafin maganin imatinib ya karɓe wurinsa a 2001.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nau'in gama, wanda ƙwayoyin T da na NK, wato wasu sojojin garkuwar jiki, ke fitarwa. Yana tilasta wa ƙwayar sankara ta baje alamominta a fili, sojojin jiki su gane ta su kashe. Amma in ya daɗe yana zuba, ƙarin sankarar sai ya fitar da wani furotin, PD-L1, wanda ke kashe wa ƙwayoyin T gwiwa. Ƙarar da ta tona ɓarawo, ita ce kuma ta nuna masa maɓoya. Magungunan da ke toshe wannan hanya sun samo asali ne daga irin binciken da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Su ma sukan gaza idan sankarar ta lalata JAK1 ko JAK2, furotin da ke isar da saƙo cikin ƙwayar halitta, wato ta toshe kunnenta daga saƙon intaferon.

Tun daga nan nake jin ciwo a raina idan na ji masu lasifika a bakin kasuwa suna tallan jiƙon da wai zai ƙara garkuwa ya narkar da kansa. Mutanenmu na sayar da awaki su saya, su iso asibiti bayan ƙari ya bazu.

Saurayin ya dawo a mako na biyar da ƙafarsa, ba bargo. Ya rame, ya ce abinci ba ya masa daɗi, ya miƙo mini takardar gwajin jininsa.