Koyon ɗanɗana shayin masu ƙaramin ƙarfi

An ɗauke ni aiki ne don rubuta shigar kaya da fitarsu a wani shagon sari da ke Kasuwar Singa a Kano, inda ganyen shayi ke cikin manyan kayan da ake juyawa. Akwai baƙin ganye da ke zuwa a buhuna, muna ƙulla shi a ƙananan leda don masu tireda da masu shayin bakin titi. Akwai kuma koren ganye na ƙasar Sin da ke zuwa a kwalaye, wanda Buzaye da 'yan Nijar mazauna gari da samarin majalisa suke saya don ataya, wato shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi. A shagon akwai wani dattijo, Baba muke ce masa, wanda ba a biyan kuɗin buhu ko ɗaya sai ya ɗanɗana ya amince. Da maigida ya ga shekaru sun fara ja, sai ya ce in riƙa barin littafin lissafi da safe ina zama kusa da Baba, ko Allah zai sa in tsinci wani abu.

Tsarin aikin ba shi da wani asiri. Ana jera ƙananan tukwanen tangaran farare masu murfi, kowace da ɗan kwanonta a gabanta. A auna ganye a sikeli, giram 2 ga kowane mililita 100 na ruwa, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti 6 cif. Wannan awo ba Baba ne ya ƙirƙiro shi ba, ƙa'ida ce ta duniya mai lamba ISO 3103, wadda aka fitar a 1980, kuma da irinta ake gwada shayi daga Kolkata har Mombasa. Idan lokaci ya cika sai a kifa tukunyar a kan kwanon, ruwan ya tsiyaye ta 'yan haƙoran da ke bakinta, sannan a juye jiƙaƙƙen ganyen a kan murfin. Abu uku ke nan a gabanka: busasshen ganye, jiƙaƙƙe, da ruwan. Ba sukari, ba madara, ba citta ko kanumfari. Ka ɗebo da cokali, ka zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara ya fantsama ko'ina a bakinka, ka ɗan juya shi, ka tofar a bokiti.

Wanda ya tashi yana shan shayi da cokali uku na sukari, idan aka fara ba shi wannan, abin da zai ji kawai shi ne ɗaci. Haka na ji. Duk kofunan ɗaya suke a bakina, alhali Baba yana tafe yana ture wannan gefe, yana jawo wancan gaba. Bai taɓa gaya mini abin da zan ji ba kafin in kurɓa. Sai dai ya ce, "Ɗana, a ina ka ji shi?" Da wannan tambaya na fara rarrabewa. Ɗaci a can ƙarshen harshe yake zama, ya gangara maƙogwaro. Bauri kuwa dasashi da gefen kumatu yake kamawa, baki ya bushe ya tattare kamar ka ciji ɗanyar kanya. Baƙin shayi mai kyau dole ya zo da bauri, amma mai tsabta, wanda zai kama bakin ya sake shi nan da nan, yawu ya dawo. Wanda ya liƙe ya bar maƙaƙi, akwai magana a kansa. Akwai kuma nauyin ruwan a kan harshe: wani za ka ji shi da kauri ya cika baki, wani kuma salam, launi ne kawai a ruwan zafi.

Hanci ya fi harshe aiki a wannan sana'a, kuma kowa zai iya gwadawa a gida. Toshe hancinka ka kurɓi shayi, za ka ji ɗaci da bauri amma ba za ka san wane iri ba ne, da ka saki hancin sai ƙanshin ya taso ta bayan maƙogwaro. Shi ya sa Baba ke fara ɗaga murfin ya kai jiƙaƙƙen ganyen hancinsa tun da zafinsa. A nan ƙauri ke fitowa idan an ƙona ganyen wajen busarwa, a nan warin fumfuna ke tona kansa, a nan kuma ake gane tsohon kaya, wanda ƙanshinsa ya tafi ya bar warin buhu. Ranar da mura ta kama mutum ba ya ɗanɗano. Ba a shafa turare a shigo wurin, ba a cin goro ko yaji kafin a fara. A watan azumi kuwa sai bayan an sha ruwa, ciki ya lafa, sannan mu jera kofuna.

Da bakina ya fara buɗewa, sai Baba ya daina bari in ga kwali ko in ji farashi. Yakan rubuta lamba a gindin kowace tukunya, ya ajiye takardar a aljihunsa. Wannan ne ya fi komai sauya mini tunani, domin ido yana riga harshe yanke hukunci. Ka ga gwangwani mai ruwan zinare da rubutun Turanci, tun kafin ka kurɓa zuciyarka ta gama yabo. Sau da yawa idan aka buɗe takardar, wanda ya zo na farko a bakinmu ganye ne na buhu mara suna, wanda ya zo na ƙarshe kuma mai tsada ne da ya daɗe a kan kanta yana jiran mai kuɗi har ya mutu a cikin gwangwaninsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan tufa ban musa ba. A kan shayi kuwa na ga kayan araha masu lafiya ƙalau, na ga na tsada da ba su cancanci a dafa wa baƙo ba. Mai araha yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: yana saurin fita, don haka sau da yawa sabo ne.

Yawancin baƙin ganyen da talaka ke sha ba dogon ganye ba ne, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana. Ana yin su da injin da ke murƙushe ganyen, ya yayyaga shi, ya dunƙule, wanda 'yan kasuwa ke kira CTC, kuma a Assam ta Indiya aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930. Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi, kusan duk nata irin wannan ne. Ana nomansa a tsaunuka irin su Kericho, inda ake tsinkar ganye duk shekara, kuma kaso mai yawa daga ƙananan manoma yake fitowa. Ana gwanjonsa a Mombasa, inda kasuwar ta koma daga Nairobi a 1969, kuma ba na Kenya kaɗai ake sayarwa a can ba, har da na Uganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya. A jikin buhu za ka ga BP1 ko PF1 ko PD ko D1. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin daraja ta ɗaya da ta biyu, alhali girman ƙwaya ne bayan tankaɗe. Wanda ya fi laushi, mai kama da gari, ba shara ba ce da aka tattaro a ƙasa kamar yadda ake yaɗawa. Daga ganye ɗaya suka fito, shi dai garin ya fi saurin sakin launi da ƙarfi. Abin da ake dubawa shi ne baƙi ne wuluk, ƙwayoyin sun daidaita, ko kuwa cike yake da jajayen zare da ƙirare, alamar an tsinko tsohon ganye da kara maimakon toho da ganye biyu na sama.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne sanin wanda nake ɗanɗana wa. Bayan mun gama gwajin farar tukunya, Baba ba ya tsayawa nan. Yakan sa a kawo madarar gwangwani irin wadda masu shayi ke amfani da ita, a zuba daidai wa daida a kowane kwano. Nan take sai ka ga an rabu. Wani ya koma ja mai haske, launin da idan mai shayi ya ɗaga kofi ya tsiyayo daga sama kowa zai yi sha'awa. Wani kuma ya koma toka-toka, ya mutu. Akwai wani ganye da na so ƙwarai, mai ƙanshi kamar na fure, mai sauƙi a baki. Da madara ta shiga sai ya ɓace gaba ɗaya. Baba ya ce, "Wannan naka ne da baƙinka, ɗana. Mai shayi zai ɗora tukunya tun asuba, ganye zai kwana a wuta har hantsi, a zuba madara, a zuba sukari, a tsoma burodi. Nemo mini wanda zai fito da ransa daga wannan." Tun daga nan nake raba tambaya biyu a littafina, wato ko ganyen yana da lafiya, da kuma ko zai yi aikin da za a saya shi don shi. Abin da bakina ke so ba ya cikin lissafi, sai dai in rubuta shi a gefe.

Koren ganye ma haka. Masana shayi a Sin da Japan ba sa zuba wa kore mai daraja tafasasshen ruwa, sukan bari ya ɗan huce zuwa digiri 70 ko 80 don kada ya yi ɗaci. Mai ataya kuwa tafasa shi yake yi a ƙaramar buta a kan gawayi, ya daɗe yana ɓararraka, a sha na farko, a ƙara ruwa da sukari a sha na biyu, a sha na uku. Ganye mai laushi ba zai kai na biyu ba. Shi ya sa ƙasashen Sahel da Maroko, wadda ke kan gaba wajen sayen koren shayin Sin, suke da nasu irin da ake shirya musu, yawanci daga lardin Zhejiang da maƙwabtansa: dunƙulallen nan mai lamba 3505, da siririn mai lanƙwasa da ke zuwa da lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371. Waɗannan a kan kurfoti muke gwada su, da finjali, ana juyawa daga sama. Muna duba ko kumfa za ta tashi ta tsaya, domin 'yan fada, wato samarin majalisa, a Damagaram ko Maraɗi ba za su sake sayen ganyen da ba ya kumfa ba, ko me ka ce musu. Muna duba ko ɗacin farko mai tsabta ne, ko na uku yana da sauran rai. Sannan mu buɗe jiƙaƙƙen ganyen a tafin hannu, mu ga ko ya warware ya zama ganye, ko kuwa gutsattsari ne da kara.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yawancin mummunan shayin da ke kai wa talaka ba a gona ko masana'anta ya lalace ba, a hannunmu ne 'yan kasuwa. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, yana kuma zuƙar danshi. A jingina buhu kusa da katan ɗin sabulu ko jarkar kananzir na kwana biyu, an gama da shi. A ajiye shi a kan siminti da damina, sai fumfuna. Mai tireda ya rataye ƙulli a rana tare da omo da sinadarin ɗanɗano, uwar gida ta saya ta dafa wa yara, ta ce ai shayin araha dama haka yake. Ba haka yake ba, haka aka mai da shi. Katako a ƙarƙashin buhu da ɗaure baki da nisanta shi daga sabulu ba sa cin ko kwabo. Ruwa ma yana da nasa hannu: na wasu burtsatse yakan sa shayi ya yi duhu, ya yi wata yana a sama, don haka idan mai saye ya kawo ƙorafi mukan ce ya zo da ruwan da yake dafawa da shi.

Akwai kuma ha'inci, ba za a ɓoye ba. Ana samun masu busar da ganyen da aka riga aka dafa, su rina shi, su gauraya da sabo. Gwajinsa mai sauƙi ne. Jiƙa farar takarda da ruwan sanyi, ka barbaɗa ganyen a kai. Na gaskiya a hankali yake sakin launi, mai rini kuwa nan take za ka ga ɗigo-ɗigo ja ko ruwan lemo suna bazuwa. Duk buhun da ya yi haka Baba ba ya ko ɗora masa ruwa.

Na so ƙwarai da muna samun ganyen gida fiye da yadda muke samu. A Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ana noman shayi, kuma shi ne ake sayarwa da sunan Highland Tea. Sanyi da tudu da ruwan sama na wurin irin wanda shayi ke so ne. Duk lokacin da ya shigo layin kofunanmu ba tare da an san shi ne ba, yakan tsaya da ƙafarsa a tsakanin na waje.

Yanzu abin da nake koyo shi ne haɗi, kuma ya fi duk na baya wuya. Buhun wannan wata ba ya zama ɗaya da na watan jiya, domin ganyen damina ya fi na rani yawa amma ya fi shi rauni, mai shayi kuwa so yake kofinsa na yau ya zama irin na jiya. Sai a ɗauko mai launi, a haɗa da mai ƙarfi, a ƙara ɗan mai ƙanshi, a yi ta gwadawa da wanda aka ajiye na baya har su yi kusa. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kuɗin buhu ya tashi, aka kawo shawarar a riƙa cusa ganye mai ƙirare a cikin haɗin don ƙulli ya tsaya a girmansa da farashinsa. Baba ya ce a rage girman ƙullin, a gaya wa masu saye an rage, amma kada a taɓa abin da ke ciki. Maigida ya yi jim, ya amince. Wasu masu tireda sun koma wani shagon inda ƙulli ya fi girma. Masu shayin bakin titi kuwa, waɗanda ke auna ganye da yawan kofin da zai fitar, yawancinsu suna nan, kuma a wurinsu nake zuwa da yamma da sabon haɗi a leda, in sa su dafa a tukunyarsu in ji abin da za su ce.