Gran Popo, Jamhuriyar Benin, daren Laraba

Na idar da Isha'i, ina zaune a barandar masauki, teku na ta rugugi kamar hadarin da ya ƙi saukowa. Bari in rubuta kafin barci ya sace ni.

Da hantsi na baro Kwatano a tasin haɗaka, tafiyar wajen kilomita 80 a hanyar da ke zarcewa iyakar Togo. Gran Popo gari ne siriri, kogin Mono ta wannan gefe, tekun Atlantika ta wancan, kwakwa ko'ina.

Tun a wurin karɓar baƙi na gane Turancin da nake cin abinci da shi a Kano ba shi da kasuwa a nan. Matar ta tarbe ni da fara'a, ta zubo Faransanci, na mayar mata da Ingilishi, muka tsaya muna kallon juna. Daga ƙarshe ta ɗauko biro ta rubuta kuɗin ɗaki a takarda. Ba ta wulaƙanta ni ba ko kaɗan, amma abin ya tsaya mini a rai. Sai na tuna mahaifiyata a asibiti, yadda take zuba wa bakin likita ido idan ya juya harshe, tana jira in fassara mata. Sau nawa na gajarta mata bayani don ina sauri? Allah Ya yafe mini.

Bayan Azahar na shiga kwalekwale zuwa Bouche du Roy, inda Mono ke faɗawa teku. Mai tuƙin yana jin yaren Mina da Faransanci, don haka da hannu muka yi hirar. Ya nuna mini itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, ya nuna teku, ya nuna ni, ya girgiza kai da ƙarfi. Na fahimta: kada in kuskura in yi iyo, igiyar ruwan nan tana ja. Da muka dawo na daɗe ina kallon masunta, maza sun yi layi a kan yashi suna jan igiyar koma ɗaya, suna waƙa. Ban ji kalma ko guda ba, amma ƙafata na bin kiɗan.

Dab da Magariba ƙamshin ƙuli da yaji ya ja ni bakin titi. Mai tsire ne, abin da suke kira cacanga a nan. Na ɗaga yatsa zan fara nuni, sai na ji ya ce wa yaronsa, "Kai, ƙaro gawayi." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

"Salamu alaikum, Malam, sannu da aiki."

Ya ɗago da sauri. "Alaikumus salam! Lahiya lau, Alhaji. Daga ina?"

Mutumin Dogon Dutsi ne, daga Nijar. Ya jawo mini benci, ya sa aka kawo akasa, wadda ba ta da maraba da kafarmu. Da na tambayi kuɗi ya ce dala ɗari. Gabana ya faɗi, don a wurinmu dala kuɗin Amurka ce. Ya yi dariya ya warware mini: a lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari 500 ke nan, jika kuwa 1,000. Harshe ɗaya muka sha a nono, amma iyakar da Turawa suka shata ta shiga har cikin ƙirgen kuɗinmu. Shi ya koyi Faransancin kasuwa, ni na koyi Ingilishin makaranta, kuma da ba don Hausa ba da mun rabu a kan nuni da yatsa.

Ya koya mini yadda zan tambayi farashi wurin 'yan zemijan, wato 'yan acaɓarsu, na rubuta a bayan rasit. Ya ce in same shi da asuba mu tafi masallaci tare.