Ranar da aka mayar da waƙata ta Bauchi ta koma ta Gombe

A shekarata ta uku a sashen Hausa, malamin da ke koya mana rubutacciyar waƙa ya ce kowa ya tsara waƙa a kan garinsu. Na yi ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, har baiti 12, na ambaci Bauchi sau tara, na kira ta tauraruwa, na kira ta furen da ba ya yaushi. Na miƙa ina taƙama, domin karin bai karye ba, amsa-amon kuma bai kauce ba.

Da ya dawo da takardunmu, tawa ya ɗaga. Ya karanta ta a gaban aji, duk inda na rubuta Bauchi sai ya sa Gombe, kuma babu ɗango ɗaya da ya yi gardama. Aji ya kwashe da dariya. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce wannan rigar aro ce, kowane gari zai iya sa ta, ya kuma tambaya ko da gaske daga garin shahararren marubucin waƙoƙin nan Sa'adu Zungur na fito. Har yau ina ganin a ofishinsa ya kamata ya gaya mini haka, kuma makin da ya ba ni bai kai wahalar da na sha ba.

Duk da haka gaskiyarsa ce, domin tauraruwa da fure ba na kowa ba ne, kuma kamantawa ba ta kai mai karatu gari sai ta ɗebo kayanta daga ƙasar garin. Da na sake zama, sai na fara da mai masa a bakin Kasuwar Wunti da sassafe, da ƙarar ƙullu idan ya faɗa tanda mai zafi, da duwatsun da hazo kan haɗiye a hunturu har sai hantsi. Haƙurin kakata kuwa na kamanta shi da ruwan Wikki na Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa a ciki ba ya buƙatar a yi masa sharhi.

Na kuma koyi rera baiti da baki kafin in amince da shi, na daina cusa kalma don amsa-amo kawai.

Sabuwar waƙar ba ta ambaci sunan Bauchi ko sau ɗaya ba. Na rera wa wata abokiyar karatuna 'yar Azare, tun a baiti na biyu ta gane garin. Shi malamin kuwa ban kai masa ba.