Zafin da Ya Ɓata a Gwangwanin Madara

Ina aji biyar na sakandare na fara yi wa lissafi ƙarya. Malamin kemistiri ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni fitilar sifirit da gwangwanin madara da ruwa da ma'aunin zafi, ya ce mu ƙona etanol, wato sifirit ɗin fitilar, mu gano yawan zafin da yake fitarwa, abin da kemistiri ke kira canjin entalfi. Amsar tana cikin littafi tun da farko: kilojul 1,367 a kowane mol (jul ma'aunin makamashi ne, dubunsa ne kilojul; mol kuwa ma'aunin yawan sinadari ne). Da muka buga namu, ko kusa bai je ba. Muka dubi juna, muka goge abin da ma'auni ya nuna, muka rubuta abin da zai kai mu gindin amsar littafi. Malam ya sa jan biro ya yaba mana. Har na gama karatu ban taɓa tambayar kaina inda sauran zafin ya tafi ba.

Yanzu ni ke riƙe da alli a wata makaranta a Tudun Wada, kuma gwajin nan bai canza ba, har gwangwanin. Wata safiya cikin hunturu wata yarinya ta kawo mini takardar rukuninsu. Ruwa gram 100, zafinsa ya ƙaru da digiri 20, etanol ɗin da ya ƙone rabin gram. Ta ninka 100 da 4.2 (jul ɗin da gram ɗaya na ruwa ke sha kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya) da 20, ta sami jul 8,400, ta raba da adadin mol, ya ba ta wajen kilojul 770.

"Malam, namu bai yi daidai ba. Mu sake?"

Saura kaɗan in ce mata ta duba lissafinta. Lissafin kuwa lafiya lau yake. Sai na ce ta zubar da ruwan, ta kifa gwangwanin. Gindinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ta shafa da yatsa ta goge a bayan takarda. Na ce ta taɓa ƙarfen da muka ɗora shi a kai. Ta taɓa ta janye hannu. Tagar ajin gilashi biyu sun fashe, iska na shigowa tana kwantar da harshen wutar gefe guda. To ga inda zafin ya tafi: wani ƙarfe ya sha, wani iska ta kwashe, wani kuma bai ma fito ba, domin kunkunniyar nan kabon ne da bai gama ƙonewa ba. Adadin da ke littafi an same shi ne da na'ura rufaffiya wadda ake cika ta da iskar oksijin. Ranar na gane cewa abin da muka goge muna yara shi ne darasin, wanda muka rubuta kuwa kwafi ne kawai.

Entalfi, in an cire masa rigar Turanci, ba wani abin tsoro ba ne. Canjinsa, wanda ake rubutawa ΔH, shi ne zafin da sinadarai suka bayar ko suka karɓa yayin da suke juyewa zuwa wasu, a ƙarƙashin matsin iska da bai canza ba, kamar dai a buɗaɗɗen gwangwaninmu. Inda yara ke faɗuwa shi ne alamar ragi. Kullum sai an tambaye ni: abu ya yi zafi, ma'auni ya hau, don me za a sa masa mainos? Ni ma haddace shi na yi don WAEC, shekaru ina maimaita wa yara haddar.

Alat ɗin banki ne ya fitar da ni. In ka tura wa ƙaninka dubu biyar, wayarka ragi za ta nuna, tasa kuma ƙari, alhali kuɗin ɗaya ne. ΔH alat ɗin asusun sinadaran ne. Ma'aunin zafi kuwa a cikin ruwa yake tsaye, wato wayar wanda aka tura wa yake karantawa. Don su ga ɗaya ɓangaren, nakan zo da ɗan takin yuriya a leda, in zuba cokali uku a rabin kofin ruwa, in motsa, in miƙa musu su riƙe. Kofin yakan yi sanyi kamar an ɗebo daga randa. Nan take wani zai ce yana fitar da sanyi. Ba ya fitar da komai. Zafi yake ja daga ruwan da tafin hannunka don ya narke, shi ya sa alamarsa ƙari ce.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya kuwa wani yaro ne ya tono shi, ɗan mai walda a Panteka. Ina cikin cewa zafi yana ɓoye ne a ɗaurin da ke tsakanin atam da atam, in an karya sai ya fito, kamar an fasa gyaɗa, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, a wurin Baba in an zuba wa kabayid ruwa tankin ɗaukar zafi yake da kansa. Amma gas ɗin da ke fitowa ba ya kamawa sai an ƙyasta masa ashana. In zafin yana ciki, me yake jira?"

Na ce masa gobe. Daren nan na koma littattafaina, na tarar na daɗe ina koyar da abin a kife. Karya ɗauri cin makamashi yake, kullum. Ƙulla sabo shi ke bayarwa. Ashana jari ce: da ita ake karya ɗaurin farko, sannan atam su sake haɗuwa su zama ruwa da kabon dayoksaid, waɗanda ɗaurinsu ya fi ƙarfi, su dawo da jarin har da riba. Ribar ce wutar da ke narka ƙarfe, ita kuma ke biyan kuɗin karya na gaba. A iskar mitan ribar kilojul 890 ce a kowane mol. Washegari na tsaya gaban aji na ce jiya na yi kuskure. Ba wanda ya yi dariya, sai shi yaron da ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi.

Dokar Hess ma sai da ta ba ni kashi. Germain Hess, wanda aka haifa a birnin Janiba (Geneva) ya yi aikinsa a Rasha, ya nuna a 1840 cewa jimillar zafin ba ta damu da hanyar da aka bi ba, mafari da maƙura kaɗai take kallo. Na kawo misalin tafiya daga Kawo zuwa Kakuri a Kaduna, ko ta cikin gari ko ta baifas. Wata daga baya ta ce, "Amma Malam, man da za a ƙona ba ɗaya ba ne." Gaskiyarta. Na jefar da misalin na koma bene: ko ta matakala ka hau ko ta tsani, tsayin da ka kai ɗaya ne.

Gawayi ne ya fi nuna amfanin dokar. In kabon ya ƙone sarai yakan ba da kilojul 393.5. In ya tsaya a kabon monoksaid, ba a iya auna wannan kai tsaye, domin wuta ba ta tsayawa inda kake so. Amma an san monoksaid ɗin in ya ƙarasa ƙonewa yana ba da 283, sai a cire, ya rage 110.5. A nan nakan ajiye alli in yi musu maganar kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi: in gawayin ya tsaya a monoksaid zafin da ake samu bai kai sulusi ba, iskar da ke taruwa kuma ba ta da wari ko launi, tana kisa cikin barci.

A takardar gwaji yanzu na ƙara layi ɗaya a ƙasa: ina sauran ya tafi? Shi ya fi kowane layi maki. Zangon da ya wuce wani rukuni ya rufe gwangwanin da murfi, suka kewaye fitilar da kwalin indomi don tare iska, adadinsu ya haura na kowa. Suna cikin murna gefen kwalin ya kama, muka kashe da ruwan gwajin rukunin da ke kusa da su.